Laka, Yashi da Tsakuwa: Masu Rabon Gidaje a Ƙasan Teku

A wannan makon tafiyar tamu mai nisa ce, domin za mu bar tudu mu nutsa har ƙasan teku, mu ga su wane ne ke zaune a can, kuma me ya sa kowa ya zauna a inda ya zauna.

Bari mu fara da abin da muka sani a gida. Duk wanda ya taɓa bin mahaifinsa gona ya san ba a shuka shinkafa a jigawa, ba a kuma kai gero tsakiyar fadama. Gyaɗa tana son rairayi, rake yana son ƙasa mai riƙe ruwa. Manomi yakan damƙi ƙasa ya murza a hannu, nan take ya gaya maka abin da za ta karɓa. To, haka abin yake a ƙarƙashin teku. Masani zai iya ɗebo ƙasar wani wuri daga can ƙasa, ya murza, ya faɗi irin dabbobin da ake sa ran samu a wurin tun kafin ya gan su.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Teku ya rufe kimanin kashi 71 cikin 100 na doron duniya, matsakaicin zurfinsa kuma ya kai kusan mita 3,700. Mafi yawan wannan shimfiɗa laka ce da yashi. Ke nan mazauni mafi faɗi a duniyar nan shi ne wanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba.

Daga ina ƙasar take zuwa?

Hanya ta farko ita ce koguna. Idan ruwan sama ya zuba a Gusau ko Zariya, ka ga rafi ya yi ja, wannan jan ƙasar gona ce ruwa ya kwasa. Kogin Sakkwato da na Kaduna suna juyewa a Kogin Neja, Binuwai ma ta haɗu da shi a Lakwaja, duk su gangara su zubar da kayansu a Tekun Atlantika. Lakar da ta tara yankin Neja Delta, wani ɓangarenta daga gonakin Arewa ya fito. Amma ku lura, ba kowane kogin namu ne ke kaiwa teku ba. Kogin Haɗeja, alal misali, Tafkin Chadi ya nufa.

Hanya ta biyu iska ce. Ƙurar hunturu da ke busar mana da leɓe, da yawanta daga wani kwari take tashi a arewacin ƙasar Chadi, ana kiransa Bodele. Iska tana ɗaukar ta har ta wuce gaɓa, ta zuba a kan Atlantika, daga nan ta riƙa sauka a hankali har ta kwanta a ƙasa.

Hanya ta uku ita ce halittun tekun da kansu. A saman ruwa akwai ƙananan halittu bila adadin waɗanda ido ba ya gani, wasu da ɓawon alli, wasu da ɓawo mai kama da gilashi. Idan suka mutu, ɓawonsu da gawarwakinsu da kashinsu suna yin ƙasa kamar yayyafi, dare da rana, shekara da shekaru. Wannan yayyafi shi ne ƙasar wurin, shi ne kuma abincin mazaunansa.

Girman ƙwaya shi ne mabuɗi

A shekarar 1922 wani masanin duwatsu ɗan Amurka, Chester Wentworth, ya fitar da ma'aunin da ake amfani da shi har yau. Ƙwayar da ta wuce milimita 2 tsakuwa ce. Daga milimita 2 zuwa 0.0625 yashi ne. Abin da ya gaza haka ya shiga sahun laka, mafi laushinta kuwa shi ne yumɓu, wanda ƙwayarsa ba ta kai milimita 0.004 ba.

Me ya sa wannan ɗan bambanci yake da tasiri? Saboda abubuwa uku ne: iska, abinci, da kuma ƙarfin gini.

Ku ɗauki yashi. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ƙofofi, ruwa yana ratsawa cikin sauƙi, yana shigar da iskar oksijin har ciki. Amma yashi ba ya riƙe abinci sosai, kuma igiyar ruwa tana yawan juya shi.

Ita kuwa laka ta cushe. Ruwa ba ya ratsa ta, shi ya sa a lakar gaɓar teku oksijin yakan ƙare a cikin 'yan milimitoci na sama. Da ka tona kaɗan sai ka tarar da baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wanda ya taɓa yashe kwata ya san wannan wari. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke rayuwa ba tare da oksijin ba suke fitar da wannan iska, kuma guba ce ga yawancin dabbobi. Sai dai laka tana da arziki: ruɓaɓɓen abinci yana manne wa ƙananan ƙwayoyinta, bakteriya ma suna cika ta. A taƙaice, a yashi akwai iska amma abinci ya yi ƙaranci, a laka akwai abinci amma numfashi sai an yi dabara.

Tsakuwa da duwatsu kuma suna ba da abin da sauran biyun ba su da shi, wato wuri mai ƙarfi da za a manne.

Kowa da unguwarsu

Mu shiga unguwar yashi tukuna. Mazauna nan dole su iya tono da sauri, domin ko yaushe ruwa zai iya bankaɗe su. Akwai dabbobi masu ɓawo biyu da ke buɗewa kamar littafi, irin waɗanda ake tsinta a wasu kogunanmu. Suna binne kansu, su miƙo bututu biyu sama: ɗaya ya zuƙo ruwa, su tace abincin da ke ciki, ɗayan ya fitar da saura. Akwai kuma wasu kifaye faffaɗa kamar faifai, idanunsu biyu a gefe guda, waɗanda ke kwanciya su lulluɓe da yashi har launinsu ya saje da shi.

Abin da ya fi ban mamaki a yashi shi ne waɗanda ke zaune a cikin 'yan ƙofofin nan na tsakanin ƙwayoyi. Ba su tona komai, lungu-lungu kawai suke bi kamar yaro a cikin tsohon gari. Yawancinsu sirara ne, ba su kai milimita ɗaya ba, kuma dunƙulen yashi cikin tafin hannu zai iya ƙunsar ɗaruruwansu. A 1983 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Reinhardt Kristensen, ya bayyana wani babban rukunin dabbobi da kimiyya ba ta taɓa sani ba, mai suna Loricifera, daga cikin ɓaraguzan ɓawo da aka ɗebo a gaɓar Roscoff ta Faransa.

A unguwar laka kuwa sana'ar daban ce. A nan ba tace ruwa aka fi yi ba, haɗiyar laka ake yi. Tsutsotsin teku iri-iri suna cin lakar, cikinsu ya narkar da abincin da ke manne, su kasayar da sauran, daidai yadda tana take yi a lambu. Don su samu numfashi, da yawansu suna gina rami mai baki biyu, su riƙa motsa jiki suna jawo sabon ruwa ta baki ɗaya yana fita ta ɗayan. Ramin da aka tona a laka yana tsayawa, saɓanin na busasshen yashi da ke rufzawa. Shi ya sa kaguwa da jatan lande da sauran magina ramuka suke son ta.

A unguwar tsakuwa da dutse za ka tarar da masu zaman dirshan: soson teku, murjani, da wasu masu kama da furanni alhali dabbobi ne. Sun manne wuri guda, igiyar ruwa ce ke kawo musu abinci har gida. Da za a ɗora irin waɗannan a kan laka, nutsewa za su yi, ko lakar ta toshe musu kafofin tace abinci.

Yadda aka gano

A 1843 wani Bature ɗan Birtaniya, Edward Forbes, bayan binciken da ya yi a tekun da ke gefen ƙasar Girka, ya ce babu wani abu mai rai a ƙasa da zurfin kimanin mita 550. Mutane da yawa sun yarda. Amma daga 1872 zuwa 1876 jirgin ruwan bincike na Birtaniya mai suna Challenger ya zagaya duniya yana jan raga a ƙasan teku, ya dawo da sababbin nau'o'in halittu fiye da 4,000, wasu daga zurfin dubban mitoci. Maganar Forbes ta rushe.

A farkon ƙarni na 20 wani ɗan Danmak, Johannes Petersen, ya ƙera wani ƙarfe mai baki biyu da ake zurawa da igiya ya cafko ƙasa daidai gwargwado. Burinsa shi ne ya san yawan abincin da kifaye ke samu a tekun ƙasarsu. Da ya yi ta ƙirga abin da ke cikin kowane cafka, sai ya lura cewa wasu dabbobi kullum tare ake samunsu a kan irin ƙasa guda. Ya kira su al'ummomi, ya sa wa kowace sunan dabbar da ta fi yawa a cikinta.

A 1958 Howard Sanders ya yi irin wannan aiki a mashigin ruwan Buzzards da ke jihar Massachusetts ta Amurka. Ya samu cewa masu haɗiyar ƙasa sun fi rinjaye a laka, masu tace ruwa kuma a yashi.

Sai dai kada ku ɗauka ƙwayar ƙasa ce kaɗai ke yanke hukunci. A 1994 masana biyu, Paul Snelgrove da Cheryl Ann Butman, sun bi diddigin binciken da aka tara, suka nuna cewa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Ku tambayi kanku: me ya sa wani wuri ya zama yashi, wani ya zama laka? Gudun ruwa ne. Inda ruwa ke da ƙarfi yakan kwashe mai laushi ya bar yashi da tsakuwa. Inda ya lafa, laka ta samu damar kwanciya. Kuma wannan ruwan shi ne ke kawo abinci, da oksijin, da 'ya'yan dabbobin da ke yawo suna neman wurin sauka. Don haka ƙasar tana da nata tasiri, amma kuma shaida ce ta halin ruwan da ke bi ta kanta. Wannan darasi ne da zai amfane ku a kowane fanni: ganin abu biyu tare bai isa a ce ɗaya ne ya haifi ɗayan ba.

Mazauna ma suna canza gida

Ba ƙasa ce kaɗai ke juya dabbobi ba, su ma suna juya ta. A gaɓar tekun Turai, idan ruwa ya janye, ana ganin 'yan tulin yashi a murɗe kamar taliya birjik. Kashin wata tsutsa ce da ke zaune a rami mai baki biyu. Ita da ire-irenta suna yi wa ƙasan teku huɗa: suna fito da ta ƙasa sama, suna shigar da oksijin ciki, wanda ke ba bakteriya damar ruɓar da matattun abubuwa. Sinadaran da suka fito sai su koma cikin ruwa su zama taki ga ƙananan tsirran sama, waɗanda kifaye ke dogaro da su.

Wani lokaci kuma aikin wani cikas ne ga maƙwabci. A 1970 Donald Rhoads da David Young sun nuna cewa masu haɗiyar laka suna sassauta ta ƙwarai, har ɗan motsin ruwa ya tayar da ita. Ruwan sai ya gurɓace, ya toshe masu tace abinci, ya binne 'ya'yansu. Ba faɗa aka yi ba, amma an kore su. A wasu wuraren kuma tsutsotsi masu gina bututu suna tsayawa cunkus, su ɗaure ƙasar kamar yadda saiwar ciyawa ke hana zaizaya, wasu halittun su samu mafaka a tsakaninsu.

Can ƙasa, inda rana ba ta kaiwa

A zurfin mita 4,000 zuwa 6,000 akwai filaye shimfiɗaɗɗu, duhu ƙirin, sanyi kusan na ƙanƙara. Abincin da ya taso daga sama an cinye mafi yawansa a hanya, ɗan kaɗan ne ke isowa. Manyan mazauna nan su ne wasu dabbobi masu siffar kokwamba, suna rarrafe a hankali suna lasar saman laka. Komai a nan a sannu yake tafiya. A tsakiyar manyan tekuna, jan yumɓu yakan ɗauki kimanin shekara 1,000 kafin ya ƙaru da milimita ɗaya.

A wasu sassan waɗannan filaye akwai baƙaƙen dunƙule-dunƙule kamar dankali a warwatse. Ma'adinai ne suka taru: manganis, nikel, kobal da tagulla. Girmansu yana ƙaruwa da 'yan milimitoci ne a cikin shekara miliyan. A filin da babu komai sai laka, su ne kaɗai abu mai tauri, don haka soson teku da murjani da sauran masu mannewa a kansu suke rayuwa.

Idan aka taɓa ƙasar

Ga inda maganar ta shafe mu. Nikel da kobal suna cikin abubuwan da ake haɗa batirin waya da na motoci masu lantarki da su. Saboda haka kamfanoni sun zuba ido a kan wani yanki na Tekun Fasifik tsakanin Hawayi da Meziko, mai suna Clarion-Clipperton, wanda faɗinsa ya ninka Nijeriya sau da dama. Wani bincike da aka fitar a 2023 ya ƙirga nau'o'in dabbobi fiye da 5,000 a yankin, kuma kusan tara cikin goma ba a ma raɗa musu suna ba. Hukumar da ke kula da ƙasan tekun da ba na kowace ƙasa ba tana birnin Kingston na Jamaika, an kafa ta a 1994, kuma Nijeriya mamba ce. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce wannan dukiya gadon dukkan 'yan Adam ce. Ke nan da ɗan Kano da ɗan Maraɗi duk suna da haƙƙi a ciki.

Shin wurin zai farfaɗo idan aka haƙa? A 1989 masana daga Jamus sun yi gwaji a Fasifik daura da ƙasar Peru, a zurfin fiye da mita 4,000. Sun ja wata garma a kan fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 11. Da aka koma a 2015, bayan shekara 26, sawun garmar yana nan raɗau, kuma dabbobi masu mannewa ba su dawo yadda suke ba.

Kusa da gaɓa ma akwai matsaloli. Manyan jiragen kamun kifi suna jan raga mai nauyi a ƙasa, tana rushe ramuka da bututu, tana tayar da laka. Takin zamani da ƙazantar gari kuma idan suka yi yawa a ruwa, ƙananan tsirrai su yi ta haihuwa, su mutu su sauka, ruɓewarsu ta cinye oksijin. A bakin Kogin Mississippi na Amurka irin wannan yanki da ake kira mataccen wuri ya kai kimanin murabba'in kilomita 22,700 a 2017. Tun 1978 Tom Pearson da Rutger Rosenberg suka bayyana yadda abin ke faruwa daki-daki: manyan magina ramuka su fara ɓacewa, sai wasu 'yan tsutsotsi masu jure ƙazanta su mamaye wurin, daga ƙarshe su ma su tafi. Shi ya sa masu duba lafiyar ruwa suke ƙirga dabbobin laka. Kifi zai iya gudu, amma mazaunin rami ba shi da inda za shi, halin da yake ciki shi ne gaskiyar halin wurin.

A Neja Delta, laka ita ce gidan jatan lande da kaguwa da ƙananan katantanwa da iyalai da yawa ke ci suna sayarwa. Idan ɗanyen mai ya malala ya shige cikin lakar da babu oksijin, yakan daɗe bai ruɓe ba. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni na 2011 ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Kafin mu rufe, ga wani abu da ɗaliban Sakkwato za su yi alfahari da shi. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi tsohon ƙasan teku ne. Masana duwatsu sun ƙiyasta cewa kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce wani teku marar zurfi ya rufe yankin, kuma har yau ana samun ɓawon dabbobin ruwan gishiri a cikin dutsen. Mai yiwuwa bangon ajinku yana ɗauke da ragowarsu.

Gwajin mako

Ku samu gorar ruwa ta roba mai haske. Ku zuba ƙasa har kashi ɗaya cikin uku, ku cika da ruwa, ku rufe, ku girgiza sosai, sannan ku ajiye ba tare da taɓawa ba. Cikin minti guda yashi zai kwanta. Bayan 'yan sa'o'i wani shimfiɗi mai laushi zai hau kansa. Yumɓu kuwa zai iya kwana ɗaya ko biyu yana yawo a ruwa. Ku auna kaurin kowane shimfiɗi da rula. Ku gwada da ƙasar jigawa da ta fadama, ku kwatanta.

Sannan ku tattauna waɗannan da malaminku na ilimin halittu ko na labarin ƙasa. Na ɗaya, bisa abin da kuka gani a gorar, me ya sa ake samun laka a wuraren da ruwa ya lafa? Na biyu, wace ƙasa ce a cikin biyun za ta fi dacewa da dabbar da ke tace ruwa? Na uku, idan aka ba ku kujera a taron Kingston, za ku amince a fara haƙar dunƙulen ma'adinan nan yanzu, ko a dakata sai an ƙara bincike? Wane dalili za ku bayar?

Ku rubuto mana amsoshinku da sakamakon gwajin, tare da sunan makarantarku da ajinku. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba da sa'ar karatu.